Katin ƙungiya daban, lasisi daban

Kin tambaye ni ko in kika yanki katin ƙungiyar masu gyaran magana, shi ke nan kin samu damar karɓar masu in'ina da masu matsalar ji ke kaɗai. A'a, 'yata. Ƙungiyar 'yan sana'a daban take da hukumar da ke ba da izinin aiki, kuma nan ne sabbin shiga suka fi rikicewa.

Dubi Ingila. Akwai RCSLT, ƙungiyar masu gyaran magana da aka kafa a 1945. Tana fitar da ƙa'idojin aiki, tana shirya taruka, tana tsaya wa mambobinta. Amma ba ita ce za ta ba ki damar kiran kanki mai gyaran magana ba. Sai sunanki ya shiga rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya irinmu rajista, in ba haka ba kin taka doka, ko shekara goma kika yi kina biyan kuɗin ƙungiya.

A Amurka kuwa jiha ce ke ba da lasisi, kowace da nata sharuɗɗan. ASHA, ƙungiyar masu gyaran magana da gwajin ji ta ƙasar, wadda ta faro tun 1925, tana ba da takardar shaidar ƙwarewa da ake kira CCC, kuma wuraren aiki da yawa ba sa duban mutum sai da ita. Samunta ba wasa ba ne. Sai digiri na biyu, da awa 400 na aiki da marasa lafiya ƙarƙashin kulawa, 25 daga ciki kallo kawai za ki yi, baki a rufe. Sannan jarrabawar ƙasa ta wannan sana'a da ake kira Praxis, sannan aƙalla mako 36 kina aiki a gaban wani babba. Masu gwajin ji nasu ya fi tsawo, digirin dakta ake nema. Ko bayan an samu, duk shekara uku sai an nuna awa 30 na ƙarin ilimi.

Ni dai waɗannan makonni na zama gaban babba su na fi ba muhimmanci. Lokacin da nake koyo, na taɓa ba wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki ruwa a kofi, ina murna ya fara furta kalmomi. Malamata ta riƙe hannuna. Muryarsa ta jiƙe bayan kurɓa ta farko, alamar ruwan yana bin hanyar numfashi, ni kuwa ko lura ban yi ba.

Ki fara da hukumar inda za ki yi aiki, ki karanta sharuɗɗanta da idonki, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta. Katin ƙungiya ya biyo baya a muhimmanci, amma ki yanke shi tun kina ɗaliba, galibi ya fi sauƙin kuɗi.