Yadda ake bin diddigin kayan gyaran jirgin sama

Malam, ka tambaya ko kayan gyaran jiragen da ke sauka filin Malam Aminu Kano ana sayo su ne kamar na mota a Ƙofar Ruwa, a juya a hannu, a taya, a ɗaura. Ko kusa.

Muhimmin ƙarfen jirgi yana ɗauke da lambobi uku: ta kamfanin da ya ƙera shi, ta nau'insa, da wadda shi kaɗai ke da ita a cikin irinsa. Ƙa'idar Spec 2000, wadda ƙungiyar kamfanonin jiragen Amurka ta tsara, ita ta fayyace yadda za a rubuta su a jikin ƙarfen, ko a ɗan guntun na'urar da ake karantawa daga nesa, da yadda kwamfutar mai saye za ta yi magana da ta mai sayarwa ba tare da an sake bugawa da hannu ba. Harafi ɗaya ya kuskure, wani ƙarfen daban zai iso.

Sai takardar shaidar ingancin ƙarfen: 8130-3 daga Amurka, ko EASA Form 1 daga Turai. Injiniyan kirki, in babu ita, ko sabo ne fil a leda ba zai ɗaura ba.

Abin da ke damuna shi ne takarda ana iya yin jabunta. A 2023 an gano wani dillali a Landan yana sayar da kayan wani nau'in injin jirgi mai suna CFM56 da takardun bogi, har sai da aka kwance injina ana nemansu. Shi ya sa nake goyon bayan shaidar kwamfuta mai sa hannun da za a iya tantancewa kai tsaye daga maƙerin.