Wadar Bishiyar Sifurus Ta Bushe Ta Gefe Guda

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na dasa wadar bishiyar sifurus ta Albata a ɗan lambun gaban gidana, a ƙasar da ake yin dusar ƙanƙara. Tana dab da bango, tsayinta kuma bai wuce ƙuguna ba. A bana gefen da ke kallon bangon ya koma ruwan ƙasa har ganyen yana zubewa, sannan wani reshe mai dogayen ganye ya fito daga samanta ya ɓata mata siffa. Shin in aske gefen da ya bushe don ya sake toho, ko in ƙara mata taki? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ajiye takin tukuna, almakashin kuma ɗanyen reshe ɗaya kaɗai zai yi wa aiki. Wannan bishiya mai siraran ganye kamar allura, wadda masana ke kira Picea glauca 'Conica', ba ta ƙara fiye da santimita 5 zuwa 10 a shekara, kuma sai ta yi shekara 25 zuwa 30 kafin ta kai mita 3 ko 4. Wannan jinkiri ne ya sa masu ƙananan lambuna suke sonta, shi ne kuma ya sa duk abin da ta rasa yake daɗewa bai rufe ba. Irin sifurus ba ya fitar da sabon toho daga tsohon icen da ganye ya riga ya zube masa, don haka idan kika aske gefen nan, rami za ki bari a jikinta. Busassun ƙananan rassa kawai za ki cire, ki bar duk wanda yake da sauran kore a bakinsa.

Reshen da ya fito a sama yana da nasaba da asalin bishiyar. A shekarar 1904 ne wasu masana biyu daga lambun binciken bishiyoyi na Arnold da ke ƙarƙashin jami'ar Harvard, John George Jack da Alfred Rehder, suka ci karo da ita kusa da tafkin Louise a lardin Albata na Kanada. Uwarta doguwar bishiyar daji ce da kan haura mita 20, wadancin kuwa wani sauyi ne da ya auku a halittarta, shi ya sa ake yaɗa ta ta hanyar dasa yankakken reshe. Wani lokaci reshe guda kan koma halin uwar, ya yi ta girma da sauri har ya rinjayi sauran. Ki bi shi da hannu zuwa inda ya tsiro, ki yanke shi daga tushe tun yana ƙarami.

Bushewar gefen bango ita ce babbar matsalar, kuma zargina ya fi karkata ga wasu ƙananan ƙwari 'yan dangin gizo-gizo, waɗanda ido ba ya saurin gani. Suna tsotse ruwan ganye a lokacin da sanyi ya fara ja da baya da kuma lokacin kaka, amma ɓarnar tasu ba ta bayyana sai zafi ya shigo, ganyen ya yi ɗige-ɗige, ya koɗe, sannan ya zube. Ki tara farar takarda a ƙarƙashin reshe ki girgiza shi. Idan kika ga ɗigo-ɗigo kamar ƙura suna tafiya a kanta, su ne. Maganin farko ruwa ne: ki riƙa fesa shi da ƙarfi cikin rassan sau biyu a mako, har can ciki inda ganye ya cunkushe. Idan hakan bai wadatar ba, sai a koma ga sabulun kashe ƙwari da aka yi domin shuke-shuke. Ban ba da shawarar maganin ƙwari mai kashe komai ba, domin yana hallaka ƙwarin da ke cinye su, a ƙarshe su dawo fiye da da.

Shi ma bangon yana da laifi, saboda yana tare haske da iska, yana kuma maido wa bishiyar zafin da ya sha da rana. Tunda har yanzu ƙarama ce, ki tone ta da dunƙulen ƙasar saiwarta a farkon kaka ko da zarar ƙasa ta narke bayan hunturu, ki mayar da ita inda za ta samu tazarar aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe. Ta fi son wurin da ranar safe ke bugawa, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Saiwarta ba ta nitsawa sosai, don haka ki shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 a kewayenta ba tare da ya taɓa gindin ba, ki kuma shayar da ita sosai kafin ƙasa ta daskare, domin iskar hunturu na busar da ganye a lokacin da saiwa ba ta iya jan ruwa.

Ga masu karatu da suka yi sha'awar dasa ta, bishiyar sanyi ce da ke jure digiri 40 ƙasa da sifili, amma ba ta jure doguwar bazara mai tsananin zafi, ko a tukunya ko a cikin ɗaki. Ke kuwa, Malama, idan kin sake dasa ta, ki juya gefen da ya bushe zuwa inda ido bai cika kaiwa ba, ki ba rassan da ke kewaye shekara biyu ko uku su miƙo. Idan bushewar ta cinye fiye da rabinta, a ganina gara ki nemi sabuwa ki dasa nesa da bangon.