Me Ya Sa Turawa Ke Tsintar Karnukan Titi?

Malam, ka tambayi abin da ya sa Turawan da ke aiki a Bauchi ke ɗaukar karen bola su kai gida, mu kuwa sai jifa. A wurinsu kare ɗan gida ne. Mu namu na farauta ne da gadi, mage ce ke shiga har ɗakin tsohuwa.

Amma jifan nan ba addini ba ne, hadisi ya zo da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Jiya ma na ga ƙwikwiyo a kasuwar Muda Lawal, duk haƙarƙari a waje, yara na binsa da duwatsu.

Abin gudu dai haukan kare ne. In ya yi cizo, a wanke da sabulu minti 15, a garzaya asibiti.