Ta yaya manhajata za ta riƙa karɓar sababbin sassa bayan an ɗora ta a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina manhajar lissafin shago ta Android. Mai kemis yana son sashen da zai tuna masa ranar lalacewar magani, mai hatsi yana son lissafin buhu da kwano, wani kuma buga rasit ne damuwarsa. Ina so in sa tsarin fulogin, kowa ya sauke sashensa daga sabata (kwamfutar da ke ajiye su a intanet), ba sai na sake fitar da manhajar ba. Na ji ana yi da OSGi ko DexClassLoader. Wanne ya fi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Buƙatu biyu ka haɗa wuri guda. Raba manhaja sassa daban, sauko da kod daga sabarka kuma daban. Na farko ina ƙarfafa maka gwiwa a kai. Na biyu ina roƙonka ka bar shi, kuma ga dalili.

Yana yiwuwa, ba ƙarya aka faɗa maka ba. DexClassLoader, wani kayan aiki na cikin Android, na iya buɗe fayil ɗin dex (sigar kod da Android ke karantawa) da aka sauko da shi ya gudanar da abin da ke ciki. An kuma daɗe da gudanar da Apache Felix, ɗaya daga cikin injinan OSGi (tsarin raba manhajar Java ƙunshi-ƙunshi), a kan Android, sai dai dole a juya kowane ƙunshi zuwa dex tukuna, domin Android ba ta karanta kod ɗin Java yadda kwamfuta ke karanta shi. Matsalar tana fitowa ne idan sashen yana da allon kansa. Android ba ta buɗe Activity, wato allon manhaja, sai wanda aka rubuta sunansa a manifes (fayil ɗin da ke jera abin da ke cikin manhaja) tun lokacin ɗora manhaja. Kamfanonin Sin, inda Google Play ba ya aiki, sun yi wa wannan dabara: DroidPlugin da RePlugin na kamfanin 360, da VirtualAPK na Didi, suna rubuta allunan bogi a manifes, sai a musanya su da na gaskiya lokacin buɗewa. Wasu daga cikin dabarun sun dogara da ɓoyayyun ƙofofin Android, ita kuwa Google ta fara toshe su tun Android 9 a 2018. Manyan kamfanoni suna da ma'aikatan da ke bin kowace sabuwar siga suna gyara. Kai kaɗai ne a kan aikinka, kowace shekara sai ka tsinci kanka kana faci maimakon gina abin da masu shago suka nema.

Sai doka. Ƙa'idar Google Play ta hana manhaja sauko da kod mai gudana, irin dex ko JAR ko .so, daga wani wuri da ba Play ba. Idan wata rana ka nufi iPhone, sashe na 2.5.2 na ƙa'idojin App Store ya hana sauko da kod da zai sauya aikin manhaja. Dukkansu sun bar ƙofa ga abin da ake fassarawa yayin gudu, kamar JavaScript, bisa sharuɗɗa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amana. Fulogin da ka loda a cikin manhajarka yana gadon duk izininta. Kamar baƙon da ka miƙa wa makullan gida ne gaba ɗaya, har da na ɗakin ajiya. A manhajarka akwai sunayen masu bashi, da lambobin wayarsu, da cinikin mutum na kullum. Wanda ya kutsa sabarka ya sauya fayil ɗaya, ya shiga wayar kowane mai shago ba tare da an tambayi kowa ba. Mai kemis ɗin nan kai ya yarda da kai.

To me za ka yi? Fara da shata iyaka. Ware ƙaramin sashe wanda ba komai a cikinsa sai yarjejeniya: kowane fulogin zai faɗi sunansa, da allon da zai nuna, da bayanan da yake buƙata. Uwar manhaja ta san yarjejeniyar kawai, kada ta san mai kemis ko mai hatsi. Kada kuma ka miƙa wa sashe rumbun bayanai kai tsaye. Ba shi 'yar ƙofa, misali "kawo jerin kaya" ko "rubuta ciniki". Sa wa yarjejeniyar lambar siga tun ranar farko, don ranar da ka sauya ta tsohon sashe ya ƙi buɗewa cikin mutunci maimakon ya kashe manhajar a hannun mutum yana tsakiyar ba da canji. Gano sassan kuwa ServiceLoader, kayan aikin Java na nemo sassan da suka bi yarjejeniya, ya isa.

Daga nan ka duba nauyinsu. Lissafin buhu da kwano kod ne ɗan kaɗan. Haɗa irin waɗannan duka cikin manhajar, sabarka ta riƙa aiko da umarnin kunna wannan ko kashe wancan ga kowane shago. Wannan ya biya maka yawancin buƙatarka, ba ka taɓa doka ba. Sashe mai nauyi, kamar na firinta da tarin laburarensa, shi za ka mayar na saukewa idan an nema ta Play Feature Delivery, hanyar Play ta aika sashe bayan an ɗora manhaja, wanda ke aiki da App Bundle, tsarin miƙa manhaja da Play ya wajabta wa sababbin manhajoji tun Agustan 2021. Yana buƙatar Android 5.0 zuwa sama. Ka tanadi abin da allo zai nuna idan data ta yanke ana tsakiyar saukewa. Idan kuma so kake wasu masu gini su rubuta maka sassa, kowa ya fitar da nasa a matsayin manhaja daban, ku yi magana ta AIDL (hanyar da manhajoji biyu ke sadarwa a Android), kowa da izininsa, kamar yadda fulogin ɗin manhajar Tasker suke zuwa a manhajoji daban.

Ka kuma lura da yadda masu shagonmu ke samun manhaja. Da yawa ba Play suke shiga ba, maƙwabci ne ke tura musu ta Xender. Manhajar App Bundle gutsattsari take zama a waya, idan aka tura babban gutsuren kaɗai tana iya ƙin ɗoruwa ko ta mutu da an buɗe ta, saukar sashe ta Play kuma ba za ka dogara da ita ba. Idan haka kwastomominka suke, fitar musu da APK, wato fayil ɗin ɗora manhaja, guda cikakke mai ɗauke da duk sassan, wanda bundletool, kayan aikin Google, zai haɗa maka, ka gwada shi a ƙaramar waya mai Android Go, sigar Android ta wayoyi marasa ƙarfi, kafin ka raba.