Zuwa ga Ummi, a kan batun zobe da durƙuso

Ummi 'yata, ina gaishe ki, ina gaida karatu. Mutanen Garwa duk lafiya, sai zafin da kika sani. Ku kuna can Ngaundare kuna shan sanyinku.

Na karanta saƙonki. Kin ce yaron nan da manyansa suka kawo gaisuwa ba ya iya buɗe baki ya ce yana son ki, iyakarsa ya tambayi ko kin ci abinci, ko kuɗin moto bai ƙare ba. Kin nemi ku yi hotunan kafin aure ya noƙe, ƙawayenki na jami'a kuma sun yi miki dariya da suka ji bai durƙusa ya sa miki zobe ba. Shi ne kike tambaya, wai al'adarmu ce ta hana namiji nuna so, ko shi ne bai damu da ke ba? Har kika ƙara da wadda na san ba za ki iya yi wa babanki ba: ba ki taɓa jin mamanki ta kira sunansa ba, ba ki taɓa ganin sun zauna suna raha ba, anya suna son juna kuwa?

Bari in fara da ta ƙarshen, ta fi sauƙi. Ni nan tun ranar sunanki ban taɓa kiran ki da sunan yanka ba, domin sunan mahaifiyarmu aka mayar miki. Kin taɓa zaton ƙi ne? Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ko wasa ba ta yi masa a gaban jama'a, alhali in ya yi zazzaɓi ita ce ba ta runtsawa. Fulanin da muke zaune da su ma sun fi mu tsanani a wannan. A gidajenmu wanda aka fi ji da shi, shi ake yi wa kara. Lokacin da mamanki ta kwanta bayan haihuwar autanku, babanki ya sayar da babur ɗinsa, ya koma zuwa kasuwa a ƙafa, bai gaya wa kowa ba, ni ma a bakin dillalin na ji. Batun raha kuwa, ke dai ki yi shiru. Ku da ƙannenki ba daga sama kuka faɗo ba.

Yanzu ga inda kika samo ma'aunin da kike auna yaron. Kada ki ɗauka ku ne farau. Muna 'yan mata, yayyenmu maza kan sulale su tafi silimar Ribadou kallon fim ɗin Indiya. Mu ba a barinmu, ko sunan silima aka ji a bakin budurwa an dinga yi da ita ke nan. Sai su dawo su ba mu labari a tsakar gida, suna rera waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba. Abin da ya sa Indiya ta shiga ranmu ba rawar ba ce kaɗai. Mun ga mata da mayafi, mun ga yara suna jin nauyin iyaye, mun ga uba ya zaɓa wa 'yarsa mai kuɗi ita kuwa zuciyarta na wajen talaka. Wannan labarin unguwarmu ne, an sa masa kiɗa.

Gidan talabijin na ƙasarmu Kamaru bai fara aiki ba sai a 1985. Daga baya aka shiga kawo mana dogayen wasannin Meziko da Barazil da aka juya zuwa Faransanci, kullum 'yar aiki ce ke auren ɗan masu gida. In lokacinsu ya yi, miya ta sha ƙonewa a gidaje. Fim ɗin Hausa na bidiyo kuma ya fara fitowa a Kano a 1990, kaset yana biyo hanyar Yola da Mubi yana iso mana. Shi ya fi kama mu, don da bakinmu ake magana, da atamfarmu, da sallamarmu. Amma ki lura, rawar da saurayi da budurwa ke yi a cikin lambu suna zagaya bishiya, ko a Kanon ba wanda ke zance haka. Daga Indiya aka kwaso ta. Gardamar da ta jawo tana cikin abin da ya sa aka kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001. Yau ga Arewa24 tun 2014, ga na Indiya da aka fassara da Hausa, ga na Turkiyya, duk a cikin wayar da ke hannunki.

Bambancinmu da ku guda ne, kuma ba ƙarami ba ne. Mu a taro muke kallo. Akwati ɗaya a tsakar gida, tabarma cike, kuma ba a rasa tsohuwar da za ta ja tsaki ta ce, "Wannan in ya ga kuɗin gawayi zai daina waƙa." A yi dariya, abin ya wuce a matsayin wasa. Ke kuwa ke kaɗai kike kallo cikin dare, da abin ji a kunne, ba mai ja miki tsaki.

Ba na cewa masu fim maƙaryata ne. Sana'arsu ce ta tilasta musu. Kyamara ba ta ɗaukar zuciya, abin da ido ke gani kawai take ɗauka. In mai shiri yana son ki gane wane na son wance, dole ya ba shi fure, ko hawaye, ko ya tsayar da shi cikin ruwan sama. Mutumin da ya bi layi a kantin magani da tsakar dare, ko ya haɗiye magana don kada ya ɓata wa matarsa rai a gaban baƙi, ba abin kallo ba ne, kowa zai canza tasha. Idan kika shekara goma kina ganin so a siffa ɗaya, ranar da ya zo miki a wata siffar ba za ki gane shi ba. Zai tambaye ki ko kin ci abinci, ke kuma ki ce bai ce komai ba.

Akwai wanda ya fi wannan damuna. Wasan da za a ja shi watanni ba ya tafiya da zaman lafiya, sai da rigima. Don haka jarumin nasu mai zafin kishi ne. Ya finciko hannunta, ya daka mata tsawa, ya ƙwace wayarta ya bincika, sannan a sa kiɗa mai taushi ya zo yana kuka, a ce so ne ya yi masa yawa. Na ji 'yan mata da kunnena suna cewa saurayin da ba ya kishin hauka ba ya so. Ummi, wanda ya finciki hannunki kafin aure, bayan aure ba kiɗan da za a sa. Na raka mata gaban alƙali, na san yadda wannan labarin ke ƙarewa.

Haka batun uwar miji. A fim ba ta da aiki sai makirci, ƙanwar miji 'yar rahoto ce, kishiya kullum tana gidan boka. Sai yarinya ta shiga gidan mutane da ɗamararta a ɗaure, a gaishe ta ta ce da manufa. Akwai miyagun surukai, ban musa ba. Amma na ga amaren da suka ƙirƙiri abokiyar gaba daga tsohuwar da ba ta nufe su da komai ba. Samarin ma ba su tsira ba, suna jiran matar da za ta tashi daga barci da kwalliya, gida kamar otal, ba ta gajiya, ba ta laulayi. Sun manta gidajen da suke gani a fim yawanci aro ne ko haya, ana gama ɗauka kowa ya koma nasa.

To amma kada ki ce gwaggo ta tsaya wa al'ada ido rufe. Akwai inda fim ya faɗi gaskiyar da manya ba sa son ji, wato auren dole. An yi shi a unguwarmu, an yi wa sa'o'ina, wasu sun haƙura, wasu sun yi ta yaji har igiyar ta tsinke. Wannan ba addini ba ne. Khansa'u bint Khidam, mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Barira kuwa, Mugis yana bin ta a titunan Madina hawaye na zuba a gemunsa, Annabi ya sa baki, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta bukatarsa, aka ƙyale ta. Kuma da Amru ɗan Asi ya tambaye shi wa ya fi so a cikin mutane, a fili ya ce A'isha. Saboda haka namijin da zai fake da al'ada ya shekara bai gaya wa matarsa kalma mai daɗi ba, rowa ce ke damunsa. Kunya ta gaban jama'a ce da gaban surukai. Ba a shiga da ita ɗaki a rufe ƙofa.

Mu ma ba kurame ba ne a zamaninmu. Saurayi kan zo zance bayan isha'i da abokinsa, a shimfiɗa musu tabarma a zaure, a haɗa ki da ƙanwarki ta zauna gefe tana gyangyaɗi. Ya kawo toshi, turare ko sabulu ko ɗankwali, ke kuma ranar salla ki aika masa da soyayyar kaza a kwano mai murfi. A dandali in wata ya yi haske, 'yan mata na gaɗa, a cikin waƙa kowace ke faɗin wanda take so da tsohon da ba ta so, kuma duk gari ya gane. Ana faɗi, sai dai akwai wurin faɗi da yadda ake faɗi.

Zobe da durƙuso ba namu ba ne, daga fina-finan Turawa suka biyo. Can yaro da yarinya su biyu ke yanke maganarsu, shi ya sa yake roƙonta ita kaɗai. A nan ma namiji yana durƙusawa, amma a gaban iyayenki, ya cire takalmi tun daga ƙofa. Manyansa su kawo goro da kuɗin gaisuwa, a yi bincike, a sa rana, a kawo lefe, a yanka sadaki. Sadakin nan naki ne ke kaɗai, ba na babanki ba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Yaron da ya turo baffanninsa ya ɗaure kansa a gaban dangi biyu. Mai zobe kuwa yana iya durƙusa wa uku a shekara guda, ba wanda ya sani. In yana so ya saya miki zobe a cikin lefe, madalla, ki sa abinki.

Hoton kafin aure, ni ban ga abin tashin hankali a ƙin da ya yi ba. Kafin a shafa fatiha ba mijinki ba ne, kuma hoton da ya shiga Facebook ba ya dawowa ko an fasa. Ki bari a ɗaura, ku yi har ku gaji. Su dina da yanka kek ma ba na hana ki in akwai hali, amma na san gidajen da amarci ya ƙare ana biyan bashin zauren biki.

Ko yana son ki, wannan ba zan gano shi daga Garwa ba. Shirunsa yana iya zama kunya, yana iya zama halin ko in kula, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Abin da zai raba miki su shi ne ki gaya masa. Fim ya koya muku cewa masoyi na gaskiya yana sanin abin da ke ranki ba sai kin furta ba, shi ya sa kuke kumbura fuska kuna jira a yi duba. Ba ya sani. Ki ce masa cikin ladabi kina jin daɗin magana mai daɗi, sannan ki zuba ido. Mai kunya zai yi ƙoƙari, ko da a rubuce ne, ko da ya yi ta in'ina. Wanda bai damu ba zai ce ke kin cika kallon fim, ya wuce. Ki kuma duba yadda yake magana da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, da yadda yake in an ɓata masa rai, da ko yana biyan bashi. Waɗannan kawunki zai bincika ta wajen maza, ni kuma ina da wadda zan tambaya a unguwarsu.

Sannan akwai maganganun da ba a yi musu waƙa, amma su ke riƙe gida ko su rusa shi, kuma kafin sa rana ake yin su. Za ki ƙarasa karatunki? In kin samu aiki aka tura ki Marwa ko Kuseri fa? Gidan kanku za ku zauna ko cikin gidansu? Kuma in za ku je meri, wato ofishin magajin gari, a yi auren takarda, dokar 1981 ta sa ana rubutawa ko auren na mace ɗaya ne ko na fiye da ɗaya. Na ga ango da amarya sun fara wannan gardamar a gaban magajin gari, dangi na zaune, masu hoto na jira. Ku gama ta tun yanzu, ku biyu, kowa ya faɗi gaskiyarsa, kada ya ce miki abin da kike son ji don a wuce wurin.

In kun samu hutu ki biyo ta nan kafin ki wuce gida, ki ce masa ya zo ya gaishe ni. Ya zo da rana, ba da dare ba, kuma kada ki gaya masa abin da zai ce. Maganar mamanki da babanki kuma ta tsaya tsakaninmu. Ki taho mini da zuman Ngaundare in kin samu mai kyau, na kasuwar nan duk sukari ne.

Gwaggonki.