Takardu biyu kacal nake da su, zan samu gurbin bincike bayan digirin digirgir?

Tambaya: Dakta, shekara ɗaya da rabi ke nan da na kammala digiri na uku a injiniyancin na'urorin likitanci. Ina neman gurbin bincike a waje, amma takardun binciken da na buga a mujalla biyu ne kawai. Wani ya ce in biya wata mujalla ta buga mini shida cikin mako uku. Hankalina a tashe yake, lokaci na tafiya.

Amsa: Malama, gaskiyarki kan lokaci. Tallafin EMBO, wato ƙungiyar nazarin ƙwayoyin halitta ta Turai, yana son shekara biyu ko ƙasa da haka bayan digirin, na gidauniyar Humboldt a Jamus shekara 4, na hukumar haɓaka kimiyya ta Japan (JSPS) 6, na Marie Curie na Tarayyar Turai 8, kuma shi na Marie Curie a Satumba ake rufe nemansa. Saboda haka EMBO ne kaɗai ke gab da wuce ki.

Amma don Allah kada ki biya kuɗin nan. Wannan magana ta "tara takardu" ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Shugaban ɗakin bincike ba ƙirga takardu yake yi ba. Yana ɗaukar sunan mujallar ya duba a PubMed ko Scopus, rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, in bai gan ta ba ya buɗe takardar ya ga an karɓe ta ranar Litinin an amince da ita ranar Alhamis. Wane masani ne ya tantance gwajin ƙwayoyin halitta cikin kwana uku? Daga nan zargi ya hau har kan takardunki biyu masu kyau. Abin da ya fi ciwo, bayanan da kika zuba a can sun tafi: mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga, su kuwa waɗancan 'yan damfara sau da yawa ba sa janyewa sai an ƙara musu kuɗi. Aikin shekara huɗu ya salwanta ke nan. Mujallu na gaskiya ma wasu suna karɓar kuɗi, amma bayan an tantance an amince, kuma da dama suna yafe wa masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

In kina da aikin da bai fito ba, sa shi a bioRxiv ko medRxiv, shafukan da ake ɗora bincike kafin mujalla ta tantance shi, kyauta ne, ki rubuta shi cikin takardar bayananki a matsayin wanda ba a tantance ba tukuna.

Sannan ki zaɓi ɗakunan bincike biyar zuwa takwas da aikinsu ya haɗu da naki. Rubuta wa kowane shugaba wasiƙarsa daban, gajeriya: takardarsa da kika karanta, dabarar da hannunki ya ƙware a kai, da tambayar da kike son bi. Humboldt da Marie Curie duka sai da mai masauki, wato shugaban ɗakin binciken da ya yarda ya karɓe ki, don haka ki fara tuntuɓar wata shida kafin ranar rufewa, ki kuma sanar da masu rubuta miki shaida tun yanzu.