Bizar shekara ɗaya ba izinin zaman shekara ɗaya ba ce

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka bizar Shengen (rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya) ta shekara ɗaya mai shiga sau da yawa, kana tambaya ko za ka iya zama wata shida a jere. A'a, kada ma ka gwada.

Buɗe fasfonka ka duba bizar da aka manna. Ranar farawa da ranar ƙarewa suna nuna lokacin da za ka iya amfani da ita ne kawai. Akwai wani gurbi daban mai adadin kwanakin zama, galibi 90. Wannan lambar ce ta ɗaure ka.

Ƙa'idar ita ce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma baya ake waiwaya. Duk ranar da kake can, za a duba kwana 180 da suka wuce a ƙirga nawa ka yi a ciki. Ranar shiga kwana ce cikakkiya ko da tsakar dare ya kusa lokacin da ka sauka, ranar fita ma haka. Ƙasashen 29 ne kuma lissafinsu ɗaya, don haka tsallakawa daga Faransa zuwa Jamus ba ya sabunta komai. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Idan ka cinye 90 a jere, sai ka yi 90 a waje kafin ka dawo.

Wuce wa'adi na iya jawo tara, ko kora, ko hana ka shiga gaba. Tun Oktoban 2025 aka fara rubuta shiga da fita a kwamfuta, da hoton fuska da zanen yatsa. Ka ƙirga kwanakinka kafin ka sayi tikitin dawowa, ka bar rarar kwana biyu ko uku saboda jirgi na iya ɗage tashi.